Akwatin da Habu ya ara wa Baba

Shekara talatin da takwas ke nan da muka ciro Habu Rewaya daga babban kanal na ban ruwa da ke tsakanin Kura da Bunkure. Abokina ne tun muna yara, daga baya ya auri ƙanwata Hadiza. Na daɗe ina kauce wa wannan rubutu, domin ba zan iya ba da labarin mutuwarsa ban ambaci mahaifina ba. Yanzu duka biyun suna gidan gaskiya, Allah Ya ji ƙansu, ni ma furfura ta gama da kaina.

Habu mai gyaran wutar mota ne, kuma mutum ne mai taurin kai a kan sana'arsa. A tsakiyar shekarun tamanin, lokacin tsuke bakin aljihu, kayan mota suka yi wuya. Manyan motocin da ke ɗaukar tumatir batir biyu gare su, ƙarfin wutarsu ashirin da huɗu, amma ƙwan fitilar da ake samu a kasuwa na ƙananan motoci ne, mai sha biyu. In ka jona shi kai tsaye, nan take ya ƙone. Sai direbobi suka koyi dabarar jan waya daga batir ɗaya kawai. Habu ya tsani wannan dabara kamar mutuwarsa. Ya kan ce batir ɗaya ne zai riƙa aikin biyu har ya gaji, kuma ba zai yi maka sallama ranar da zai mutu ba. Direbobi suna tsokanarsa da Liman Habu, saboda yawan wa'azi a kan waya.

Shi yana da maganin abin. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne mai haƙarƙari a bayansa, wanda ya samo a jikin wata matacciyar motar 'yan kwangilar da suka haƙa kanal. Akwatin yana karɓar wutar batir biyu, ya rage ta zuwa sha biyu, ya ba fitilu da rediyo daidai abin da za su iya ɗauka. Ya ɗaura shi a tsohuwar tifar da yake kwaso wa manoma kwandunan tumatir daga gona zuwa bakin titi. Guda ɗaya ne a duk yankinmu, kuma ko ni bai yarda in taɓa shi ba.

Wata ranar kakar tumatir, an gama yi wa gingimarin Baba, mahaifina, lodi za ta Kudu, fitilunta suka ƙone. Baba ya aika aka kira Habu. Ina tsaye a wurin. Habu ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, kansa a ƙasa, kamar yadda ya saba tun ranar da aka ba shi Hadiza.

Baba ya ce, "Malam Habu, wannan akwati naka za ka ara mini, in je in dawo."

Na ga bakin Habu ya motsa. Na san abin da ke cikinsa, domin na sha jin karatun. Amma abin da ya fito shi ne, "To, Baba."

Da hannunsa ya kwance akwatin ya ɗaura wa gingimari. Da hannunsa kuma ya ja waya daga batir ɗaya ya jona fitilun tifarsa, abin da ya yi shekaru yana zagin wasu a kansa. Na ce masa, Liman, yau kai ne da cin haram? Bai yi dariya ba. Ya ce in bar shi, ai 'yan kwanaki ne.

Baba bai san abin da ya roƙa ba. Wannan na yi imani da shi har gobe. A wurinsa ƙarfe ne ya ara, kamar yadda ake aron garma. Kalma ɗaya ta isa ya haƙura, domin ba azzalumi ba ne. Amma a garinmu suruki ba ya yi wa uban matarsa bayani, balle musu. Muna kiran abin kara, muna alfahari da shi, kuma da shi ake auna ɗan mutunci.

Tafiyar Kudu ta ja fiye da yadda aka zata. Fitilun tifa suka fara ja, kullum suna raguwa. Ranar ƙarshe mun yi lodi a gonar wasu maƙwabtanmu har rana ta faɗi, ga motocin Kudu suna shirin tashi a bakin titi, tumatir kuwa ba ya kwana a kwando ya tashi lafiya. Da Habu ya kunna fitila sai na ga haskenta bai fi na aci-balbal ba. Na ce ya bari sai da safe. Ya ce kayan mutane ne, guminsu na rani guda, kuma hanyar nan ko ido rufe ya san ta.

Masu ban ruwa da ke kusa da kwanar ƙaramar gada sun ce sun ga fitilar ta ƙifta, sannan ta ɗauke gaba ɗaya. Hanyar bakin kanal siririya ce, ruwan da ake sakowa daga madatsar Tiga kuma ya cika kanal ɗin a lokacin. Da muka isa da gudu, tayoyin baya kawai ake gani. Tumatir ya rufe fuskar ruwan, yana ta tafiya. Har yau ba na son ganin tumatir a cikin ruwa, ko a kwanon wanki ne.

Baba ya dawo ana zaman makoki. Ya shigo da akwatin a naɗe cikin tsumma, zai mayar wa mai shi. Mutane suka yi ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma gaskiya ne, babu mai ja da ƙaddara. Amma wani direba ya yi suɓul da baka ya faɗi yadda aka yi fitilar ta mutu. Baba kuwa yana wurin, a kunnensa aka faɗa. Daga ranar har ya koma ga Allah ban sake jin ya ari ko allura a hannun kowa ba, kuma bai ƙara iya haɗa ido da Hadiza ba, 'yar da ya haifa.

Yau irin wannan akwati ya zama abin banza. Bai kai tafin hannu ba, yana rataye a kowane shagon kayan wuta a Kura. Yara masu adaidaita sahu suna ɗaura shi don fitilu masu walƙiya, shuɗi da kore, da cajin waya, da kiɗan da ke hana mutum jin kiran salla. Na kan tsaya ina kallonsu ina tunanin me Habu zai ce. Na san zai fara da faɗa a kan wayoyin da suka bari tsirara babu fis. Daga nan ina jin zai tsaya yana mamaki, ganin abin da ya rasa ransa saboda rashinsa ya zama kayan ado. Ni dai haushi nake ji, ba zan ɓoye ba.

Me ya rage na Habu? Akwatin yana ɗakin Hadiza, ba ta yarda a jefar ba. Tsofaffin direbobi kaɗan da suka saura suna tuna wa'azinsa, wasu ma sun bi. Sai kuma abin da ya bar mini, wanda ya fi nauyi. Yanzu ni ne uban mata, ni ake cire wa takalmi daga nesa. Kwanan baya na zaunar da mijin 'yata, na ba shi wannan labari tun daga farko. Na ce masa, don Allah, duk ranar da na roƙe ka abin da zai cuce ka, ka buɗe baki ka ce mini a'a, ba zan ji haushi ba.

Ya saurara har na gama. Sannan ya sunkuyar da kai ƙasa, ya ce, "To, Baba."