Kaset-kaset ɗin Baba Tunji

A Birnin Kebbi aka haifi Ebunoluwa, a nan ta yi makaranta, a nan aka yi mata aure. Hausar bakinta ta Kabi ce, Yarbanci sai in ta kira dangi a waya. Tana da shagon kitso a Gesse, inda kowa ke ce mata Maman Princess. Amma mazan da suka haura arba'in, in sun gan ta a hanya, "ɗiyar Baba Tunji" suke cewa.

Baba Tunji, wato mahaifinta Olatunji, da sayar da batir da ƙwan fitila ya fara a garin. Daga baya ya raba shagonsa biyu da labule, ya ajiye talabijin da benci, ya buɗe ɗakin gem, inda yara ke biya su yi wasa a talabijin. Ebun ce ke hura kaset idan ya ƙi kamawa, ita ce kuma ke rubuta harafin T da jan farce a bayan kowane sabo da aka kawo daga Legas. Da wayoyin hannu suka yawaita sai benci ya zama wayam. Baba ya zuba komai a kwalaye ya tura ƙarƙashin kantar shagon.

Ya rasu a shekarar 2017. Ebun ta zauna da mahaifiyarsu a kudu har wata biyu. Kafin ta dawo, ƙanenta Segun ya share shagon don a mayar wa mai shi, ya bai wa 'yan gwangwan kwalayen.

"Tarkace ne fa, Anti," in ji shi. "Wa zai ƙara taɓa su?"

Ba ta yi masa faɗa ba. Washegari ta ɗaura ɗankwali ta shiga neman kayan. Ta bi wuraren 'yan gwangwan, ta bi tsofaffin masu gyaran rediyo, tana tona tarin wayoyi da hannunta. Wasu suka ɗauka tana da taɓin hankali. A shekara huɗu ta haɗa na'urar gem biyu da kaset ashirin da wani abu, amma biyar kaɗai ke da harafin T. Ta jera su a kan katako a shagonta, sama da man kitso.

Wata rana tana yi wa wata mata mai suna Mansura kitso, matar ta ɗaga ido ta ce, "Maigidana na da irin wanga a Argungu. Cikin akwatin takardun gona yake ajiye shi, ba ya bari kowa ya taɓa. Har da jan rubutun nan."

Ran Lahadi Ebun ta hau mota. Ta tarar da mijin Mansura, Maigandi, manomin albasa, yana ware ruɓaɓɓu a bakin rumbu. Bayan gaisuwa ta faɗi sunan mahaifinta. Mutumin ya ajiye albasar da ke hannunsa, ya shiga ɗaki, ya daɗe, sannan ya fito da kaset ɗin a naɗe cikin tsumma.

"Malam Maigandi, ko za ka sayar mini?"

"Yaya zan saida miki abin gidanku?" Ya zauna a kan turmi. "Ba saye na yi ba. Lokacin da munka zo Birnin Kebbi karatun sakandare, kullum muna shagonku. Ran da zan koma gida na sa shi aljihu. Baba ya gan ni, na san ya gan ni. Sai kawai ya ce in gaida mutanen Argungu. Ga shi ko na'urar ba ni da ita. Ban taɓa kunna shi ba."

Ebun ta juya kaset ɗin. Na tseren babur ne. Rubutun nata ne, da ƙafar T ɗin a karkace kamar yadda take yi tana yarinya. Haƙoran ƙarfen ciki sun yi tsatsa, don ambaliyar 2020 ta shiga ɗakin har gwiwa.

"Ki tafi da shi," in ji Maigandi. "Amma in ya tashi, ki aiko mini. Ina son in ga ƙarshen hanyar nan."

Da ta koma gida kaset ɗin bai tashi ba. Ta hura, ta goge da auduga da sifirit, talabijin sai layi-layi. Ta kai wa Hodi, wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya duba ya ce wayoyi uku sun katse a ciki, kuma idonsa ya daina ganin irin wannan ƙaramin aiki.

"To Baba, koya mini."

"Da hannun kitso?"

"Hannun da ke raba gashi ɗaya-ɗaya ai ba zai kasa wannan ba."

Sati uku tana zuwa da safe kafin ta buɗe shago, tana koyon liƙi da dalma a kan matattun rediyoyi. Ta ƙona ɗan yatsa, ta yi kwana biyu ba kitso, wasu matan suka koma wani shagon. Mijinta ya tambaye ta ko abin ya kai haka. Ta ce ya kai. A sati na huɗu ta haɗa wayoyin uku, ta sa kaset ɗin, babura suka fito a layi suna ƙugi.

Maigandi ya zo da Mansura ran Asabar da la'asar, da kwandon albasa. Ya karɓi hannun gem ɗin, yatsunsa sun yi masa kauri. A kwana ta farko babur ɗinsa ya faɗa rami. Ya sake, ya sake faɗawa. Mansura ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Sai da aka kira magariba ya miƙe, bai kai ko rabin hanya ba, ya ce zai dawo bayan an kwashe albasa.

Shi ya baza labarin ga tsofaffin abokansa. Cikin wata biyu kaset huɗu suka iso, ɗaya daga Augie a hannun direba, a ƙulle cikin leda, ba sunan wanda ya aiko. Ebun ba ta tambaya ba. Segun ya zo ya gani, ya ce akwai masu neman irinsu a intanet, kuma suna saye da daraja. Ta ce ya ɗauki hoto ya nuna musu, amma kada ya sa lambar wayarta.

Yanzu ran Asabar da wuri take rufe kitso. 'Yan kasuwa da ma'aikata da manoma kan zauna a benci, wayoyinsu a aljihu, suna gardamar wa ya fi wa iyawa a da. Talabijin ɗin irin mai ƙaton baya ne, sababbi ba sa nuna hoton daidai, kuma ya fara dushewa daga gefe. Hodi ya ce ba zai kai baɗi ba. Ta ji labarin wani irinsa a gidan wani tsohon malamin makaranta a Augie. Sau biyu tana zuwa ba ta same shi a gida ba, ta bar saƙo cewa za ta koma ran Laraba.