Alƙalin da Ke Hukunci da Kunne

A filin wasannin Nemiya, Damagetos ya kasa ɗauke ido daga kan alƙalin kokawa. Brabeus ake ce wa irinsa, mai raba gardama ya miƙa kambi. Dattijo ne siriri cikin baƙar riga, idanunsa sun yi fari-fari. In an yi kaye ba ya duban ƙasa, sai ya karkata kunne wajen 'yan kallo kafin ya ɗaga tsumagiyarsa. Wataƙila gani ya daɗe da barinsa, yana ɓoyewa kada a karɓe rigar.

Yanzu ɗan Damagetos zai kara da ɗan gari.

Damagetos ya zunguri ƙanensa. "Tsohon nan da kunne yake hukunci."

"To Yaya, mu biyu kaɗai muka rako shi daga tsibiri."

"Gyara maƙogwaro. Yau ihun gari guda za ka yi."