Léonce da Ajiyar Gaspard

Kafin mai burodi ya buɗe shago a garinmu na Verzy, Léonce Maucourt ya riga ya sauka ramin ajiya na ƙungiyar manoman inabi, da rigar sanyi ko ana tsakiyar zafi. Can ƙasa cikin danshi yake juya kwalaben giyar shampen. Ya ɗan murɗa kowace, ya ƙara sunkuyar da ita, har dattin ciki ya taru a wuya, giyar ta yi garau. A haka gashinsa ya yi fari. Masu sha a manyan otal ba su san sunansa ba. Shi ko a jikinsa, mu ne abin ke ci wa rai.

Shekarar da aka haifi Maëlle inabi ya yi kyau ƙwarai. Mahaifinta Gaspard, aminin Léonce, ya haɗa giyarsa ta ƙarshe yana fama da ciwo, ya ware kwalabe kaɗan ya ce wa Léonce, "Riƙe wa yarinyar nan har ranar aurenta." Bai ga ta fara tafiya ba ya rasu.

Da ruwa ya ci ramin wata shekara, mutane sun ga Léonce tsamo-tsamo, ruwa iya ƙugu, yana lalube da ƙafa cikin fasassun kwalabe. Cikin kwalaben Gaspard, guda ɗaya ya tsira da ita. Ya kafa ta kai ƙasa a wani lungu, ko shugaban ƙungiya bai isa ya taɓa ba.

Ranar Asabar aka yi bikin Maëlle, a makon da Léonce ya ajiye aiki saboda rawar hannu. Irin wannan kwalba kuwa da hannu ake buɗe ta: a ɗago ta a hankali, a fizge marfi, datti ya yi waje, a toshe da babban yatsa. In aka makara, ko ta gurɓace ko ta ƙare a ƙasa.

Odile, abokiyar aikinsa, ta ce, "Tsoho, hannun da ko cokalin miya ba ya kaiwa baki lafiya? Bari a kai wa inji."

"Ke dai riƙe kofinki, ki ja bakinki."

Amarya ta dafa shi. "Baffa, in ma za ta zube, a hannunka ta zube."

Léonce ya miƙa hannu. Hannun na karkarwa har ya kama wuyan kwalbar, sannan ya tsaya cak. Léonce ya ɗago, marfi ya yi tsalle, datti ya fice, yatsa ya rufe. Ya karkata kofi ya tsiyaya: ruwa kamar zuma, ƙananan kumfa na hawa ba tsayawa, ga ƙamshin gasasshen burodi da tuffa. Odile ce ta fara tafi, tana sharar hawaye.

Maëlle ta kurɓa. Ta dubi mahaifiyarta ta ce, "Mama, ashe haka hannun babana yake."

Kai ne ka kai mata wannan, Léonce, mai riƙon amana a inda ba ido. Kai ne ka sauka cikin duhu kullum don wasu su ɗaga kofi a haske. Mun gode, Allah ya ba hannun nan hutu. Matasan da suka gaji ramin, ku yi koyi da shi: wanda ya ba da ajiyar ya daɗe a kabari, amma ranar da aka zo karɓa, kayansa na nan da ransu.