Ƙunar da Na Ɓoye a Motar Kawu Garba

Assalamu alaikum. Fiye da shekara sittin ana tambayata dalilin ɗingishina, ina cewa tsohon ciwo ne. Makon jiya jikana ya yi tambaya a wannan dandali: wace babbar mota zai saya don jigilar hatsi, mai hanci (wadda injinta ke can gaba) ko marar hanci? Tun ranar na kasa sukuni. Zan faɗi abin da na gani, ba ƙari.

Kakar gyaɗa ce, shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi. Ina koyon aikin injiniya a Zariya, na zo hutu Kusada. Wata Talata da hantsi muka taso daga Bauranya a sabuwar motar kawuna Garba, marar hanci, shaƙe da buhuna. Ina gaba, kusa da direba Tanko. Kafin mu kai Kankiya injin ya ɗau zafi. A wannan mota injin yana cikin ɗakin direba, tsakanin kujeru biyu, ƙarƙashin murfi. Aka ɗaga murfin, aka kwance bakin lagireto. Tafasasshen ruwa ya yi tsartuwa, ya sauka a ƙaurina na dama.

Na ce wa Tanko ba komai. Na roƙe shi kada ya faɗa.

Dalilin shi ne, ni na matsa wa Kawu ya bar mai hanci ya sayi wannan. Na yi masa bayani cewa wurin da hanci ke cinyewa ya koma bodi, buhu zai ƙaru, za ta juya a ƙuntataccen wuri, direba kuma yana ganin rami tun yana gabansa. Kawu ya saurara, ya ce, "To Malam Bature, in ta ci karo, mi za ya tare maka? Gwiwarka?" Tanko ya ce shi dai bai taɓa tuƙi a kan murhu ba. Na yi musu dariya.

Saboda haka na shafa man gyaɗa, na naɗe da tsumma, na saki wando a kai.

Kwana huɗu, wurin ya fara ruwa. Kwana bakwai, wari, da kaluluwa a matsematsina. Zazzaɓi ya hana ni zama, ya hana ni kwanciya. Sai in fita zaure, in dawo, in sake fita.

Ni ɗan fari ne. Inna ba ta kiran sunana, ba ta tsayar da ido a kaina, ba ta shiga ɗakina. Da wannan kunyar tata na fake. A rana ta tara ta hango ni ina sallar La'asar a zaune. Ta tsaya a bakin ƙofa har na sallame.

Ta ce, "Isiyaku, ɗaga wandon nan."

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar.

Aka kira malamin disfensaren Kankiya har gida, ya buɗe tsumman, ya mayar ya rufe, ya ce sai Katsina. Kawu ya sa aka sauke gyaɗar da aka riga aka loda, aka shimfiɗa mini tabarma a bodi. 

A asibiti likita ya zana layi da alƙalami a ƙasan gwiwata. Ya ce idan baƙin da ciwon ya yi ya haura layin cikin kwana uku, za a yanke ƙafar.

Allurar penisilin safe da yamma. Kowace safiya a jiƙa bandeji a ɓamɓare, a kankare mataccen nama, ina cizon hannun rigata. Tsakanin wanki da wanki ba ni da aiki sai ɗaga bargo ina duba layin. Wata nas ta ce, "Malam, kallonka ba zai matsar da shi ba." Na sani, amma ban daina ba.

A rana ta uku baƙin ya tsaya, saura kamar faɗin yatsa biyu. Daga baya aka yanko fata a cinyata aka dasa. Mako goma sha ɗaya na yi a gadon nan, zangon karatu ya wuce ni.

Da Kawu ya zo dubiya na shirya jin gori. Ya zauna ya ce, "Motar taka ta shiga lungunku har ƙohwar gida ta ɗauko ka. Tsohuwar motata mai hanci ba ta iya wannan ba. Amma da tsohuwar ce, da ruwan a waje ya zube." Na yi shekaru ina koyarwa, ban taɓa jin kwatancin da ya fi wannan adalci ba.

Jikana, ga amsarka. Marar hanci ta fi ɗaukar kaya da sauƙin juyi, amma direba yana zaune a kan zafi da jijjiga, kuma babu komai tsakaninsa da abin da zai ci karo da shi. Mai hanci ta fi kare rai da daɗin doguwar tafiya, sai dai tana neman fili. Ka auna hanyarka, sannan ka tambayi wanda zai tuƙa kafin ka tambayi mai takarda.

Ga kowa kuma: kada a taɓa bakin lagireto sai injin ya huce. Ƙuna a sa mata ruwan sanyi, ba mai ba, a je asibiti a ranar. Ciwon da ya fara wari ba na ɓoyewa ba ne.

Na gode wa Allah da Ya bar mini ƙafata. Allah Ya jiƙan Inna da Kawu da Tanko, wanda ya riƙe mini sirri har ya koma ga Mahaliccinsa.

Isiyaku Lawal

Gyara ɗaya. A sama na rubuta "aka kwance bakin lagireto". Ba daidai ba ne. Tanko ya ce a jira ya huce. Ni na kwance.