Dakalin da Baba Ya Ja Baya

Ranar da aka naɗa Babanmu shugaban ofishin injiniyoyi na ma'aikatar sufuri, mutanen layinmu na Gyadi-Gyadi sun fi mu murna. Ina makarantar koyon aikin jinya a lokacin, na dawo na tarar ƙofar zaurenmu cike da takalma, Umma sai aika kunun aya take yi. Ban ga laifinsu ba. Layin nan da damina ko ɗan a-daidaita-sahu ba ya yarda ya shiga, mu masu fararen kaya kuwa leda muke ɗaurawa a ƙafa har bakin titi. Kowa ya ce shi ke nan, ɗan unguwa ya hau kujera, kwalta ta zo.

Mutanen layinmu akwai gaggawar alheri. Ba wanda ya tambayi Baba komai. Wani ne ya ce ya ji idan za a yi titi da kwata, dakalin ƙofar gida ne yake kawo jinkiri, don haka gara su rage masa aiki. Baba yana can wajen rangadi, kafin ka ce kwabo kowa ya ɗauko guduma ya fasa nasa. Har da Baba Ticha, maƙwabcinmu ɗan Filato, tsohon malamin firamare, wanda a kan dakalinsa dattawan layin suke majalisa bayan la'asar tun ban san kaina ba. A nan shi da Babanmu suke musun siyasa kamar za su daku, in an kira magariba kuma shi yake tsare musu rediyo da ƙullin gyaɗa har su fito daga masallaci.

Baba ya dawo ya ga ɓaraguzai tun daga farkon layi. Ya daɗe a tsaye kafin ya shigo. A tsakar gida ya yi wa Umma bayani, ni ina wanke-wanke ina kasa kunne. Dokar jiha da ta kafa ofishin ta hana shugaba sa baki a aikin da zai amfane shi ko iyalinsa. In zama ya zo kan layin da gidansa yake, dole ya faɗa da bakinsa, ya tashi ya fita, mataimakinsa ya ja zaman. Ya ce da Alƙur'ani a hannu ya karɓi kujerar.

"To Alhaji, ba sai ka ɗan raɗa wa mataimakin ba?" in ji Umma.

"Raɗar ma ai sa baki ce."

Ni da rawar kaina na ce, "Baba, wanda ya rubuta dokar nan ba shi da maƙwabta." Ya kalle ni ya yi ɗan murmushi, ya ce in ji da kwanukana.

Da ranar zaman ta zo, ya fita ya tsaya a baranda kamar ɗan makarantar da aka kora daga aji. Aka zaɓi wata hanya ta wajen Unguwa Uku da ta fi tamu jama'a. Mu aka ce sai nan gaba.

Ba wanda ya faɗa wa Baba baƙar magana, gaisuwa ce kawai ta gajarce. Majalisa ta koma kan benci a ƙofar wani shago can ƙarshen layi, ba a ce ya zo ba, ba a ce kada ya zo ba. Baba Ticha mai ciwon gwiwa ba ya iya ratsa taɓo zuwa can, sai ya zauna a zaurensa shi kaɗai a kujerar roba. Babanmu kuma in ya dawo daga aiki sai falo, rediyo na magana ba ya sauraro. Ina jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsa, har na rasa wanda ya fi yawa.

Wata Asabar da hantsi mai kura ya sauke bulo da yashi da siminti a ƙofar Baba Ticha. Babanmu ya fito da tsohon wando da singileti, da cebur a hannu, ya kama kwaɓa siminti. Baba Ticha ya leƙo yana dogara sanda.

"Injiniya, wannan fa? Doka ba ta hana ba?"

"Na duba, Malam. Ba ta ce komai a kan dakali ba."

Ya ja igiya daga tsakiyar layi ya auna, sannan ya jera bulo a manne da bango. Dakalin ya fito siriri. Baba Ticha ya ce, "Ka matse mu, mai ƙiba ai sai dai ya tsaya."

"Titin zai zo, Malam, ko ba a hannuna ba. Na bar masa wurinsa ne, kada a sake sa ka fasa."

Baba Ticha ya ɗauki bokiti wai zai ɗebo ruwan kwaɓi, sai da na yi da gaske na ƙwace. Da simintin ya bushe su biyu suka fara zama. Sauran suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da hujjarsa, wai bencin mai shago yana cin riga.

Kwalta ba ta shigo layinmu ba sai bayan Baba ya yi ritaya, ya kwanta ciwo, Allah ya yi masa rasuwa. Ranar da ake haƙa kwata na dawo daga asibiti na ga Baba Ticha a kan dakalinsa, lebura suna aiki daf da ƙafarsa, ba su taɓa ko bulo ɗaya ba. Ya yafito ni.

"'Yata, zo ki gani. Babanki bai kuskure ba."

Ya matsa gefe ya share mini wurin da Babanmu yake zama, na zauna muka kalli aikin tare.