Baƙin Cikin Tumbin Kawu Alzuma

Ƙarfe bakwai na safe, ranar Lahadi, a rumfar mahauta ta kasuwar Filinge, ina wurin, Inna Hadiza matarsa tana wurin ta kawo mishi kunu, aka fara ganin Kawu Alzuma yana gaisawa da cikinsa. Ya ɗaga riga, ya dafa tumbi, ya ce, "Jama'a, kun kwana lahiya?" Daga ranar bai sake karya kumallo ba sai ya yi wannan gaisuwa. Duk wanda ya san shi ya san haka.

Bari in bi abin daki-daki, don ba na son labari a hargitse.

Kawu ƙanen uwata ne, mahauci ne tun yana saurayi. Zamanin mulkin soja ciwo ya kama shi: ɗaci yana taso mishi har maƙogwaro, ƙirji na zafi, yana ta ramewa. Na kai shi Yamai. Likita ya ce ruwan maɗaciya ne ke komawa baya ya shiga tumbi, ya rage ƙarfin tsamin da ke tsaron wurin. A tumbi kuwa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Ɗacin yana kashe wasu, wasu kuma da ba wurinsu ba ne su samu hanya su zauna. Cikinsu akwai mugun iri mai kawo gyambo, shi za a kashe da ƙwaya.

Kawu ya riƙe baki. "Ni Alzuma, da ban taɓa fasa maɗaciya bisa naman mutane ba, tawa ce ke zuba cikina? Kuma ashe baƙi gare ni ban sani ba!"

Abu uku ne suka biyo baya wajen jinyarsa. Na farko, gado. Likita ya ce a ɗaga wajen kai kaɗan. Kawu ya jera tubali har gadon ya koma kamar tsani. Da asuba Inna ta same shi a ƙasa, ya zame har bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, an ce kaɗan." Ya ce, "Ɗacin ma ya zame, shi a abin da muka so."

Na biyu, soja. Ranar sharar gari wani soja ya tara waɗanda suka makara, ya ce kowa ya kwanta. Kowa ya kwanta, har ni. Kawu na tsaye ƙyam. "Samari, yanzu na ci tuwo, likita ya hana ni kwanciya bayan abinci. In harbi ne, yi mini shi a tsaye." Sojan ya juya baya don kar mu ga yana dariya, ya miƙa mishi tsintsiya.

Na uku shi ne babba, don ran Kawu ne a ciki. Ya ƙi shan ƙwayar. Ya tambayi majo, babban ma'aikacin jinya na asibitinmu, ko maganin yana bambanta mugu da na kirki. Majo ya faɗa mishi gaskiya: wasu na kirkin ma za su tafi. Kawu ya ɗaure ƙwayoyin a haɓar riga, ya ce shi ba ya kashe baƙo a gidansa. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kawo liman. Kawu ya tsare liman da tambaya, wai in ya ɗauki azumi baƙin nasa su ma an rubuta musu lada? Liman ya tashi bai gama shayinsa ba.

Ciwo ya ci Kawu har ta kai wuƙa ma tana mishi nauyi. Wata safiya Inna ta ajiye tsintsiya ta tsaya kansa.

"Kai da ka ƙarar da ragunan Kurfai da na Bonkuku, yau kake tausayin abin da ba ka gani?"

"Rago ina fuskantar da shi gabas, in ambaci sunan Allah. Waɗanga fa, wa zai yi musu?"

"Kai mana. Wa ya hi ka iyawa?"

Kawu ya kwance haɓar rigarsa. Sai ya miƙe, ya yi alwala, ya juya tumbinsa gabas, ya ce, "Bismillahi, Allahu akbar," ya haɗiye ƙwayar. Haka ya yi da kowace ɗaya har suka ƙare. Bayan nan ya sa aka sayo nonon Fulani mai tsami, wai na ta'aziyya ne ga waɗanda suka saura. Wallahi Kawu ya murmure! Ɗacin bai bar shi gaba ɗaya ba, amma ya koma rumfarsa, ya ga mulkin farar hula, ya aurar da jikoki.

Bara muka kai shi makwancinsa. Mutum ne da ko abin da ke cutar da shi bai iya zalunta ba. Allah Ya jiƙan Kawu Alzuma, Ya sanyaya kabarinsa, Ya karɓi baƙuncinsa.

Kai mai karatu, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, in ka idar da sallarka ta gaba, ka karanta mishi Ƙulhuwallahu kafin ka tashi.