Sabon Ido a Bayan Jirgi

A bakin barajin Mozage, babbar madatsar ruwa, wani dattijo yana sunkuye a bayan ƙaramin jirgin kamun kifi, ruwa har gwiwarsa. Siriri ne, wando a naɗe, kunnensa na dama ya yi kanta. Masunta sun san wannan kantar: ta mai kara kunne a kan filafili ce, yana sauraren motsin kifi a ƙarƙashin ruwa.

Yau wani ɗan baƙin abu kamar sabulu ne a hannunsa, idon na'urar da ke nuna kifi a allo. Mai jirgin yana tsaye a tudu riƙe da allon. Da gani ƙanensa ne, goshinsu ɗaya.

"Yaya Tanimun, sauke shi kaɗan, ruwa shi rufe shi. Kuma shi dubi ƙasa sak."

Dattijon bai ɗago ba. Yana shafa katakon, daidai ƙarƙashin wurin da zamansa ya goge har ya yi sheƙi.

"Daga gobe sai ka huta gida," in ji ƙanen, idonsa na kan allo. "Wannan ya ishe ni."

Da dattijon zai karkata abin ko da faɗin farce, ƙarya zai riƙa nunawa, ba kuwa mai ganewa. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya daidaita shi, ya murɗa ƙusa har jijiyar wuyansa ta tashi.

Da ya fito, filafilin kawai ya ɗauka.

"Yaya, aje shi," in ji ƙanen. "Na jirgi ne."